Ledar Nima a Bakin Teku

Na taya matasa kwashe shara a bakin tekun Jamestown da ke Akra, kuma abin da na gani ya tayar mini da hankali matuƙa. Yawancin abin da muka tara ledojin fiya-wata ne da gorunan roba, waɗanda ruwan sama ke kwasowa daga magudanan unguwanni irin su Nima, ya zuba su a kogin Odaw, su bi ta tafkin Korle su faɗa teku. Masunta sun koka cewa komarsu takan fito cike da leda. Robar ba ta ruɓewa. Rana da igiyar ruwa ne ke farfasa ta ta zama ɓurɓushi, kifi ya haɗiye, mu kuma mu saye shi a kasuwa.