Sikelin da Kawu ya raina

Jajibirin babbar Sallar bara na iske Kawu a zaurensa a Argungu, ya shimfiɗa buhu yana goge tsohuwar bindigarsa ta ɗuri da tsumma da man gyaɗa. Kawu ɗan bindiga ne da ma'anar kalmar ta dā, wato masu tafiya gaban sarki ran hawa suna sakin albarushi sama har ƙasa ta amsa. Yanzu sunan ya lalace, in an kira shi da shi sai ya ɓata rai. Ya ji a wajen mahaifiyata cewa shekarun da na yi ina aikin ɗakin gwaje-gwaje a Teksas ta Amurka har gasar harbi na shiga, kuma da hannuna nake ɗura harsashina. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Zamna nan ɗana. Da mi kaka awon albarushinka?"

Na ce da sikeli, Kawu. Ya yi dariya har da tari, ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. Shi wannan ne mudunsa tun yana saurayi.

Wani abokin aikina ne ya fara ja na filin gasar a 2018, bayan takardun zamana sun kammala. Ƙungiyar da ke shirya gasar sunanta USPSA, kuma a 2016 ta buɗe rukunin da na shiga, wanda ake kira PCC. Bindigar doguwa ce, a kafaɗa ake dafa ta, amma harsashin ƙaramar bindiga take ci, mai milimita 9. Hancin tawa inci 16 ne, don dokar Amurka ta 1934 ta ce in ya gaza haka sai an yi mata rajista ta musamman. Ba tsayawa ake yi wuri ɗaya ana saiti ba. Alƙali na bayanka da agogo, yana danna shi ka ruga tsakanin shingaye kana harbin kwali da faranten ƙarfe, a ƙarshe a raba makinka da daƙiƙun da ka ci. Tsakiyar kwali maki 5, gefe 3, can baki 1.

Kuɗi ne suka fara tura ni ɗuri. Gasar Asabar ɗaya takan cinye mini harsashi wajen 150, ban da na atisaye, ga kuma kwanson tagulla zube a ƙasa wanda za a iya sake amfani da shi sau da yawa. Na sayi injin ɗuri na hannu ƙirar Dillon na kafa a gareji. Duk jan hannu ɗaya yana aiki a kan kwanso da yawa lokaci guda, harsashi gamamme ya faɗo cikin roba, ƙwas. Sautin nan yana da daɗi, kuma daɗin nasa ne ya kusa ja mini.

Amma abin da ke riƙe mutum a sana'ar ba arha ba ce, laushi ne. Kowa so yake bindigarsa ta rage zillo, ɗigon jan da ke madubin saiti ya zauna a kan kwali don harbi na biyu ya bi na farko nan take. Ƙarancin albarushi ke kawo haka. Sai dai ƙungiya ta sa iyaka. Ana ninka nauyin kan harsashi da gudunsa, a raba da dubu, dole sakamakon ya kai 125. Nauyin da giren ake auna shi, giren 7,000 ke yin laba ɗaya, gudun kuma ƙafa nawa a daƙiƙa. Mai kan giren 124 sai ya yi gudun ƙafa 1,009 kafin ya tsira, mai 147 kuma 851 ya ishe shi. Dogon hanci yakan ƙara wa harsashi gudu fiye da na ƙaramar bindiga, shi ya sa 'yan PCC ke samun sararin ragewa. Ni kuwa na mai da abin kamar cinikin Kasuwar Jega, kullum ina neman ragi. Tsofaffin filin suna tsayawa wajen 130 zuwa sama, ina ganin tsoro ne kawai. Na zauna a 126 ina taƙama.

A wata babbar gasa da sanyin safiya aka kira ni teburin gwaji. Ƙa'idarsu su karɓi harsashi 8 daga jakarka, su cire kan ɗaya su auna, su harba uku ta cikin na'urar auna gudu. Dattijon da ke teburin ya harba ukun, ya danna kwakuleta, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya ƙara uku. Ya ƙara na ƙarshe. Ban kai ba, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ni da rana tsaka cikin zafin bazara na yi gwajina, albarushin da nake amfani da shi kuwa sanyi na rage masa kuzari. Hukuncin shi ne ka ci gaba da harbi in kana so, amma ba maki. Na biya kuɗin shiga, na biya masauki, na yi tuƙin awa huɗu, na yini ina ƙona harsashi sunana ba ya cikin lissafi.

Kawu ya ce, "To ai rowa ta kashe ka. Mu nan in mutum ya rage albarushi, yara ka mai dariya, bindiga tai tusa gaban sarki."

Labari na biyun bai ba shi dariya ba. Albarushin da ke cikin harsashi ɗaya bai kai rabin giram ba, ɗan abin da za ka ɗiba da farce. Saboda haka ido ba ya saurin gane kwanson da ya samu kashi biyu, ko wanda bai samu komai ba. Wata ranar Juma'a da dare ina ɗuri, wayata ta yi ƙara, daga gida ne, maganar rashin lafiyar wata gwaggona. Na maƙale wayar a kafaɗa, hannu na ci gaba da ja. Wani kwanso ya cije, na cire shi, na mayar, na wuce. Ban leƙa cikinsa ba.

Washegari a zango na uku na gasa, ina tsakiyar gudu, na ja kunama sai na ji fus maimakon ƙara. Bindiga ba ta tofar da kwanso ba. Jikina ya riga ya saba: in ta cije, ja sakata, sabon harsashi ya hau, ci gaba. Na ja, yatsana ya koma kan kunama, sai alƙalin ya daka mini tsawa a kunne ya ce in tsaya. Muka sauke komai, ya zura siririn sanda ta baki, sanda ta tsaya kafin ta kai ƙarshe. 'Yar hular da ke tada wuta a gindin kwanso ita kaɗai ta tashi, ƙarfinta ya tura kan harsashin ya shiga hanci ya toshe. Da na sake harbi a bayansa, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne hancin ya kumbura, kuma hannuna na hagu a daidai wurin yake riƙe. Da guduma muka fitar da shi. Har yau yana cikin aljihun jakata, da zanen hancin bindiga a jikinsa.

Nan Kawu ya ajiye tsumma. Ya ce a zamaninsu akwai wanda hayaniyar hawa ta ɗauke wa hankali, ya manta ya riga ya ɗura, ya ƙara wani a kai. Bai faɗi sunansa ba, ya dai ɗaga hannu ya lanƙwashe yatsu biyu. Ya ce tun daga ranar, in yana ɗuri ko sarki ya yi masa magana ba ya amsawa sai ya zare sanda.

Ni ma abin da na koma yi ke nan, da nawa salon. Waya tana falo. Na ɗaura fitila a kan injin tana haska cikin kowane kwanso, ba na ɗora kai sai na ga albarushi da idona. In wani abu ya katse ni, duk abin da ke kan injin sai na kwashe na faro daga farko. Harsashin daren nan kuwa, wajen 300, ban yarda da ko ɗaya ba, na zauna na warware su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci mini maraice uku. Na kuma koyi tsince kwanson da ake kira .380, wanda ya yi kama da namu kamar tagwaye amma ya gaza da milimita 2, yakan ɓuya cikin abin da aka sharo daga fili. Na sayi littafi ina rubuta kowane zubi da ranarsa da yanayin garin. Adadina ya koma 132, kuma gaskiya kafaɗata ba ta taɓa jin bambancin ba. Duk ragin da na yi ta nema, a kaina kawai yake.

Akwai abin da ban yi wasa da shi ba tun farko, wato dalmar da ke cikin harsashi. Abokaina can suna wanke kwanso a busasshen injin da ke tada ƙura, suna cin abinci a wurin. Ni da na san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje, ban iya ba. Da ruwa nake wanke nawa, tufafin gareji ba sa shiga ɗaki, 'yata kuma ba ta taka wurin.

A 2020 kayan suka yi wuya. Kwalin hula dubu da nake saya dala talatin da 'yan kai ya haura ɗari, shi ma sai ka yi sa'a. Na rage fita, daga baya shirin dawowa gida ya taso. Na sayar da injin da bindigar a can. A nan ko tunaninsa ba na yi: dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma wanda ya san abin da harsashi ya yi wa ƙauyukanmu daga Zamfara zuwa kudancin Kebbi ba sai an karanta masa doka ba. In abokan can sun tambaye ni ko akwai fili a garinmu, nakan sauya magana.

Sikelin kaɗai na dawo da shi. Matata ta karɓe, da shi take auna 'yan kunne in za ta kai wa maƙerin zinariya. Na aika yaro ya ɗauko don Kawu ya gani. Ya juya shi, ya ɗora ƙwayar gero ɗaya, lamba ta motsa. Ya ɗora ta biyu, ta ƙara motsawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Duk wagga wahala," in ji shi, "kura nawa ka kashe?"

Na ce kwali ne, Kawu, da faranti.

Ya girgiza kai, ya jawo tsummansa, ya ce in miƙo masa kwalbar man.