Kwana uku a bayan tashar Zariya

Jiya na karɓo takardar shaidar kammala karatuna, yanzu bakina ya buɗe.

Da na zaɓi tarihin tashar jirgin ƙasa ta Zariya don kundin kammala karatu, 'yan fadarmu ta hira a unguwar Birni ta Damagaram har da riƙe ciki: ɗan Damagaram, wanda garinsu ko ƙarfen dogo babu! Sun manta gyaɗa da fatun kakanninmu Kano ake kai su, kuma jirgin da ya kwashe su sai ya ratsa Zariya kafin ya ga Ikko. Dogo ya isa Kano a 1911. Daga Zariya wani siririn layi ya ɓalle zuwa Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957, wani kuma ya bi Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Sabon Gari ma a gindin tashar ya girma.

Wannan duk yana cikin littattafai. Wanda babu a ciki shi ne wani tsohon ma'aikacin reluwe da na samu a bayan tasha. Kwana uku muna kan tabarma, yana ɓantarar goro, yana zana mini a ƙasa da sandarsa inda jirgin Ƙaura ke rabuwa da na Kano, da yadda ake juya masa hanya cikin dare da fitila a hannu. Na ɗauki muryarsa a waya. Ko kalma ɗaya ban sa a takarda ba, wai sai na koma gida. A tashar mota a Kano aka zare wayar daga aljihuna.

Na rubuta abin da na tuna. Malamin da ke duba aikina ya karanta, ya ture takardun da bayan hannu.

"Ina shaidarka?"

"Malam, an sace..."

"To tatsuniya ka kawo mini."

Ya sa na cire babin ɗungurungum. Na ci bashin kuɗin mota na koma Zariya, na tarar tsohon nan rai ya yi halinsa.

Ƙannena, ku riƙa rubutawa tun kuna kan tabarmar. Murya kuwa ku tura wa wani kafin ku tashi. Ku kuma san wanda kuke miƙa wa takardunku: wata ɗaliba ta ce mini bana Malam ya ba su labarin fitilar nan a aji, har da zane a allo. Bai faɗi inda ya samo ba.