Abin da titin bayan gari na Kaduna ya koya mini

A ƙarshen wannan wata zan ajiye aiki a kamfanin da na shafe shekaru ina yi wa ƙidayar ababen hawa, kuma cikin dukan hanyoyin da na tsaya a bakinsu da takarda da biro, babu wadda ta tsaya mini a rai kamar titin Nnamdi Azikiwe da ke yammacin Kaduna. Abokan aiki sun san dalili, sai dai yawancinsu daga baki ɗaya suka ji labarin.

Titin reshe ne na babbar hanyar A2, wadda ta biyo ta Abuja ta nufi Zariya da Kano. Yana rabuwa da ita a kudancin gari, ya bi ta Nasarawa da Kudenda, ya haye kogin Kaduna, ya ratsa Kabala West da Unguwar Mu'azu da Bakin Ruwa da Kurmin Mashi, sannan ya fita Mando ya sake haɗuwa da hanyar Zariya ta wajen Kawo. An shimfiɗa shi ne domin tireloli da tankoki su daina kutsawa ta titin Ahmadu Bello, amma gari bai tsaya inda aka bar shi ba. Unguwar Rigasa ta cika ta batse, aka buɗe tashar jirgin ƙasa a cikinta a 2016, titin bayan gari na gabas kuwa, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2002 don ya ɗauke wani ɓangare na lodin, ya yi ta jan ƙafa. A takarda hanya ce ta bayan gari, a ƙasa kuwa ta zama tsakar gidan dubban mutane.

Kuskurena a mahaɗar Bakin Ruwa ya faru. An tura ni in ƙirga motoci da masu tsallakawa da ƙafa na mako guda, kuma makon ya faɗo cikin dogon hutun makarantu. Tun ranar farko mai shayin da nake zama a bencinsa ya leƙa takardata ya ce, "Injiniya, in mutane kake nema, ka dawo idan an koma makaranta." Na kai maganar ga shugaban sashenmu, ya ce lokaci ya ƙure, in kawo abin da na samu. Da baki na faɗa masa, a tsaye, a bakin ƙofar ofishinsa, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Rahoto ya fita da sa hannuna yana cewa masu tsallakawa ba su da yawa.

Bayan an koma makaranta na bi ta wurin da sassafe, na ga abin da ban ƙirga ba: yara riƙe da hannun juna sun maƙale a tsakiyar titi, wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta ɗaga hannu tana roƙon direban tanka ya dakata, alhali nauyin da ke bayansa ba ya tsayawa don an ɗaga hannu. Da aka zo taron masu ruwa da tsaki, wani dattijo daga unguwar ya miƙe ya tambayi ranakun da aka yi ƙidayar. Shugaban nawa ya juyo ya dube ni a gaban jama'a, ya ce shi ma yanzu yake jin wannan magana. Na karɓi takardar gargaɗi, shi kuma bayan shekara aka ƙara masa girma.

Na yarda laifin nawa ne, domin babu wanda ya riƙe mini hannu na sa hannu. Amma ga masu tasowa, duk abin da kuka faɗa wa na gaba da ku game da aiki, ku bi shi da rubutu mai kwanan wata, ku kuma ajiye kwafi a gida. Ku duba kalandar makarantu da ranakun kasuwa kafin ku ɗauki fom. Ku riƙa zama wurin masu shayi.

Na sake ƙidayar a lokacin da na ɗauki hutun aiki, da kuɗin aljihuna, kwana biyar daga asuba zuwa magariba. Tana cikin fayil na biyu a kabad ɗin ofis, ga duk wanda ya gaji teburina.