Godiya bayan kwana huɗu da Inna a asibiti

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya da yamma aka sallami Inna. Tana gida a Jekadafari, yau da safe har ta sha kunun gyaɗa da hannunta. Kira ya yi mini yawa, zantuka kuma sun fara yawo a Gombe, shi ya sa na ce bari in gode wa kowa, in faɗi yadda aka yi.

Tun rasuwar Baba ciwon damuwa ya kama ta. Likita ya ɗora ta a kan sertraline, ta kuwa samu sauƙi sosai. Ranar Laraba gwiwarta ta motsa. Ni da ƙafata na je kemis na sayo mata tramadol, ban ce tana shan wani magani ba. Wannan laifina ne, kuma yana nan a raina.

Kafin isha'i jikinta ya ɗauki ɓari, gumi kamar an kwara mata ruwa, ga gudawa. Abin da ya fi karya mana zuciya shi ne da ta ƙura wa labulen ɗakinta ido tana cewa, "Ku riƙe furannin nan, tafiya suke yi." Labulen da ya shekara biyar a rataye! Gwaggo ta ce iska ce. Limamin unguwarmu ya zo ya yi mata addu'a, sannan ya juyo ya ce, "Ɗana, ɗauke ta ku tafi asibiti yanzu." Allah Ya saka wa Malam da Aljanna.

A asibitin koyarwa, likitar da ke aikin dare ta haska idon Inna, ta ga ƙwayar ta buɗe sosai. Ta danna tafin ƙafarta sama, ƙafar ta yi ta harbawa ita kaɗai. Nan take ta ce a nuna mata duk abin da Inna ke sha. Ƙanwata ta zazzage leda a kan gado. Likitar na ganin magungunan biyu tare, ta ce sinadarin serotonin ne ya yi mata yawa.

Da gari ya waye ta zaunar da ni ta yi mini bayani, ba tare da faɗa ba. Serotonin na cikin sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, shi ya sa cikin Inna ya ɓaci. Na ƙwaƙwalwa kuwa daga gindinta ake samar da shi, ya bazu har sashen ƙeya inda ake sarrafa gani. Ashe ido saƙo kawai yake kaiwa, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hoton, serotonin kuma na cikin masu daidaita ƙarfin saƙon, kamar mai murɗa rediyo. Sertraline na hana a kwashe shi da wuri. Tramadol ma, ban da kashe zafi, yana yin haka. Da suka haɗu sai ya taru, abin da ke tsaye ya koma mata mai motsi.

An tsayar da magungunan, aka yi mata ƙarin ruwa da allurar diazepam mai kwantar da jiki. Rana ta biyu ta kalle ni ta ce, "An yi la'asar ne?" Hawaye na yi.

Likita, Allah Ya ƙara basira. Ma'aikatan jinya da suka kwana suna goga mata jiƙaƙƙen tawul, mai Keke Napep ɗin da ya kai mu tsakar dare ya ƙi karɓar ko sisi, maƙwabta da suka riƙe mana yara suka yi ta aiko da abinci, Allah Ya biya ku.

Mako mai zuwa za mu koma kan batun maganin damuwarta. Masu son zuwa dubiya, don Allah bayan la'asar, da safe barci take yi.