Filin ƙwallon da na wuce a Serti

Har yau ina ganin filin nan a idona. Shimfiɗaɗɗe ne a gefen garin Serti, ba wayar lantarki, ba bishiya. Na kalle shi, na wuce.

Cikin watan Agusta ne, mun taso daga Jalingo za mu Gembu da ke kan tudun Mambila a jirgi mai saukar ungulu, ni matuƙi da fasinja uku. Wanda ya san Mambila ya san daminarta ba ta da alƙawari. Tudun ya kai wajen mita 1,600, don haka gajimaren da ke samanka a Serti, da ka hau dutsen a cikinsa za ka tsinci kanka. Kafin Serti sau biyu ina rage gudu, ina sassaukowa ina bin titin mota. Matuƙin da ya yi haka sau biyu ya kamata ya nemi wurin sauka, kuma ga filin a gabana. Alhajin da ke bayana ya ce, "Kyaftin, ai mun kusa ko?" Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe." Nauyinsa na ji, ba wani abu ba.

Muna wuce Mayo Selbe, inda titi ke fara hawa, gilashin gaba ya koma fari fat. Jikina na gaya mini a miƙe muke, na'urar daidaito kuwa tana nuna mun karkata hagu muna gangarowa. Ruwan cikin kunne ne ke yaudarar mutum idan ido ya rasa ƙasa. Irin wannan ruɗun ne ya kashe ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da mutum takwas a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a tsaunukan Kalifoniya a 2020: matuƙinsu ya ce hawa yake, alhali faɗuwa suke. A horo ana maimaita mana daƙiƙa 56, wato matsakaicin lokacin da ke rage wa matuƙi daga shiga gajimare ba shiri zuwa haɗari.

Abin da ya taimake ni, bayan ikon Allah, sa'o'in da na yi a na'urar kwaikwayon tuƙi ne, inda malamina kan toshe mini gani ba sanarwa. Na ɗauke ido daga waje na kafa shi kan na'urori, na daidaita jirgin, na ƙara ƙarfi, na yi ta hawa har ƙafa 10,000, wato sama da mita 3,000, don dutsen Chappal Waddi, mai mita 2,419, yana yankin. Sai da na tabbatar na fi kowane dutse tsawo na juya arewa a hankali, hannuna na rawa.

Abokan aiki, ku nemi a yi muku wannan atisayen na ba-zata, ku kuma gaya wa fasinja tun a ƙasa cewa za a iya sauka a hanya. Da na faɗa wa Alhaji haka a Jalingo, da ban ji nauyinsa ba.

Da gajimaren ya tsage, filin nan dai na koma na sauka. A Serti muka kwana, washegari Alhaji ya hau mota zuwa Gembu.