Zama a Ingila da Kitsen Jini

Daga cikin abubuwan da baƙo yake fara yi idan ya sauka a Ingila da niyyar zama, bayan neman ɗaki da buɗe asusun banki, akwai yin rajista da asibitin unguwa, domin ta hannun likitan unguwa ake bi kafin a kai ga kusan kowane irin magani a ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS. Rajistar kyauta ce, kuma na yi ta ne kamar yadda ake cike sauran takardun zama, ba don ina jin ciwon komai ba. Daga baya ne na gane cewa a nan asibiti kan nemi mutum tun yana lafiyarsa ƙalau: duk wanda shekarunsa suke tsakanin 40 da 74, matuƙar ba a riga an san shi da ciwon zuciya ko ciwon suga ko makamantansu ba, ana gayyatarsa gwajin lafiya sau ɗaya a duk shekara biyar. Wannan gayyata ce ta kai ni ga sanin cewa kitse ya yi yawa a jinina.

Ma'aikaciyar jinya ta auna tsayina da nauyina da bugun jinina, ta ɗebi jini, sannan ta tambaye ni ko ina shan taba da kuma ko wani daga cikin iyayena ko 'yan'uwana ya taɓa samun ciwon zuciya kafin ya kai shekara 60. Da sakamako ya fito, jimillar kolesterol ɗina, wato kitsen da ke cikin jini, ta haura 6, alhali ana so ta tsaya ƙasa da 5 a ma'aunin da suke amfani da shi. Abin ya ɗaure mini kai, domin ba ni da ƙiba, ina hawa bene ba tare da haki ba, kuma ban taɓa jin ko da tsinke ya soke ni a ƙirji ba. Likita ta bayyana mini cewa haka lamarin yake, yawan kolesterol ba ya nuna alama, kuma siriri ma yana iya samunsa, tunda hanta ce take sarrafa mafi yawansa, abinci kuwa ƙari ne a kai. Nau'in da ake kira LDL shi ne yake maƙalewa a bangon jijiyoyin jini shekara da shekaru har hanya ta tsuke, kamar yadda datti yake taruwa a cikin bututun ruwa, yayin da HDL yake kwashe rarar ya mayar da ita hanta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake yanke shawara. Ba a duba lambar kolesterol ita kaɗai. Likita ta shigar da shekaruna da bugun jinina da asalin ƙabilata, har ma da lambar unguwar da nake zaune, a cikin wani lissafi na kwamfuta mai suna QRISK, wanda yake ƙiyasta haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a cikin shekara goma masu zuwa. Idan haɗarin ya kai kashi 10 cikin ɗari, ƙa'idarsu ita ce a yi wa mutum tayin magani. Nawa ya ɗan haura hakan. Ta juyo da allon kwamfutar ya fuskance ni, ta nuna mini lambar da alƙalami, ta ce: "Malam, za mu iya fara magani yanzu, za mu kuma iya jinkirtawa ka gwada gyara abinci da motsa jiki tukuna. Wanne ka fi so?" Ban saba likita ya bar mini zaɓi ba, kuma da farko na ɗauki hakan a matsayin sakaci, amma yanzu ina ganin hikimarsa, domin maganin da za a sha shekara da shekaru ba ya ɗorewa a hannun wanda aka tilasta wa. Na zaɓi in fara da gyaran abinci.

Sai da na zauna na duba yadda zaman ƙasar ya sauya ni ba tare da na lura ba. Aikina na zama ne, bas ce take kai ni ta dawo da ni, kuma abincin da ya fi arha da sauƙin samu ga wanda ya taso aiki a gajiye shi ne soyayye ko wanda aka riga aka dafa aka rufe a leda, mai cike da man shanu da cuku da kitsen nama. A nan ne na koyi karanta jikin fakiti. Yawancin kayan abinci suna ɗauke da alama mai launi uku, ja da ruwan ɗorawa da kore, kuma idan daskararren kitse, irin na man shanu da nama, ya wuce giram 5 a cikin giram 100 na abincin, alamar takan zama ja. Shawarar hukuma ita ce kada namiji ya wuce giram 30 na irin wannan kitse a rana, mace kuma giram 20, gishiri kuma kada ya wuce giram 6. Na koma girki da man zaitun da man gyaɗa, na rage jan nama, na ƙara wake da ganye da kifi mai maiƙo irin su sadin. Maganar gishirin ta shafe ni musamman, domin hawan jini ya fi yawa a tsakanin 'yan asalin Afirka da ke ƙasar.

Motsa jiki ya fi abinci wuya. Ana son mutum ya samu minti 150 na tafiya mai sauri ko makamancinta a mako, abu mai sauƙi a watan Yuni da rana take kaiwa bayan ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, amma a Disamba duhu yana rufewa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi ga yayyafi. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce sauka daga bas kafin in iso tashata in ƙarasa da ƙafa. Ran Asabar kuma nakan shiga tafiyar kilomita 5 ta parkrun, wadda ake yi kyauta a wuraren shaƙatawa da ƙarfe tara na safe, inda tsofaffi da masu tura jarirai a keke suke tafiya a baya ba wanda yake hanzarta su. A can na fara sanin maƙwabtana da sunayensu.

Da aka sake gwaji, lambar ta sauko, amma ba ta kai inda ake so ba, sai na karɓi atorvastatin mai miligiram 20, ƙwaya ɗaya a rana. Yana daga cikin magungunan da ake kira sitatin, waɗanda wani masanin Japan, Akira Endo, ya gano na farkonsu a shekarun 1970, kuma aikinsu shi ne rage yawan kolesterol ɗin da hanta take sarrafawa. 'Yan'uwa baƙi da dama sun tsoratar da ni cewa yana lalata hanta, yana kuma sa ciwon jiki. Gaskiyar magana ita ce wasu suna samun ciwon tsoka, kuma idan hakan ta faru akan rage ƙarfin maganin ko a sauya wani, hantar kuma ana gwada ta kafin a fara da kuma bayan 'yan watanni. An gargaɗe ni kan yawan shan ruwan garehul, wani nau'in lemo mai ɗaci, domin yana ƙara ƙarfin maganin a jini, an kuma gaya mini cewa mace mai ciki ba ta shan wannan magani. Abin da likita take nema shi ne kolesterol ɗin da ba HDL ba ya ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari, kuma nawa ya kai hakan a gwajin da ya biyo baya.

Yanzu ta wayar hannu nake neman sabunta takardar magani, in je kemis in karɓa. A Ingila ana biyan fam 9.90 a kan kowane magani guda, sai dai wanda ya kai shekara 60 ba ya biya, kuma mai shan magunguna da yawa yana iya sayen takardar biyan kuɗi ta wata uku ko ta shekara, wadda ta fi sauƙi. Idan zan yi doguwar tafiya, nakan sanar da asibitin unguwa da wuri su rubuta mini wanda zai ishe ni, domin da zarar an daina shan maganin, kolesterol yakan koma inda yake cikin 'yan makonni.