Waƙar da na kasa gano mai ita

Akwai wata waƙa a wayata da na shekara biyu ina saurare, kuma har yau ban san wanda ya rera ta ba. Sunan da aka sa mata "sabuwa 3". Shi ke nan. Babu sunan mawaƙi, babu lambar waya, babu hoto. Wani ne ya tura wa wani, shi kuma ya turo mini ya ce, "Ji wannan." Muryar namiji ce mai ɗan kaushi, ta shigo tun kiɗan bai gama zama ba. A baiti na biyu akwai inda numfashi ya kusa yanke masa, ya daure ya kai ƙarshen layin, kuma bai koma ya sake ɗauka ba, ya bar shi haka. Wurin nan ne ya kama ni.

Na kai wa mai ƙaramin kamfanin da nake yi wa aikin sauraren sababbin waƙoƙi. Ya ji sau uku a jere, ya ce in nemo masa yaron nan duk inda yake. Na bi sawu. Wanda ya turo mini ya ce a wani zauren hira ya tsince ta, wanda ya saka ta a zauren kuma ya ce ya sauya waya, bai tuna ba. Na kunna wa Shazam, manhajar da ke gano sunan waƙa daga sautinta, ba ta gane ta ba, domin ba a taɓa ɗora waƙar a inda za a yi mata rajista ba. Bayan mako uku na haƙura. Wataƙila a wannan lokacin mai waƙar yana zaune yana cewa manya ba sa kula ƙananan mawaƙa, alhali mu biyu muna nemansa ruwa a jallo.

Ba na ganin laifinsa, domin ni ma na yi irin wannan. Shekara goma sha ɗaya na yi ina waƙa ba tare da wani kamfani a bayana ba, kuma a shekarun farko abin da na iya kawai shi ne tura imel. In samo adireshin kamfani, in liƙa waƙa, in rubuta doguwar wasiƙa a kan yadda nake son kiɗa tun ina yaro, in aika, in zauna jira. Ban san cewa manyan kamfanonin nan uku da suka riƙe mafi yawan kasuwar duniya, wato Universal da Sony da Warner, a ƙa'idarsu ba sa karɓar waƙar da ba su nema ba. Sai ta biyo ta hannun manaja ko lauya ko furodusan da suka sani. Ɗaya daga dalilansu tsoron shari'a ne: kada gobe wani mawaƙinsu ya fitar da abu mai kama da naka, ka ce sata aka yi maka. Wasiƙuna ba ƙin su aka yi ba, ko buɗe su ba a yi ba.

Sai da na koma ɗaya ɓangaren, na zama mai saurare, sannan na fahimci abin da ya kamata a ce an faɗa mini tun farko. Masana'antar nan ba ta cika gano mawaƙi daga ɗakinsa ba. Abin da take gani shi ne taron mutane, sai ta leƙa ta ga wa suka kewaye. Waƙoƙin da ake ɗorawa a manhajojin saurare a kowace rana sun haura 100,000. Babu kunnen da zai iya bin wannan. Shi ya sa masu farautar mawaƙa a kamfanoni suke zaune gaban kwamfuta suna kallon alƙaluma: wace waƙa ce masu jin ta suka ninka cikin mako guda, wacce ake yawan tambayar Shazam sunanta, wacce mutane ke ɗora bidiyonsu a kanta a TikTok. A 2018 Warner ta sayi wani kamfani mai suna Sodatone wanda aikinsa ke nan, tace irin waɗannan alƙaluma don a hango mawaƙi kafin ya fashe. A shekarar ce kuma Apple ta sayi Shazam.

Mutane suna son ba da labarin mawaƙin Amurka Lil Nas X kamar sa'a ce ta faɗo masa daga sama. Ni abin da nake gani a labarin daban ne. Ya sayi kiɗan "Old Town Road" a intanet kan dala 30 daga wani matashin furodusa ɗan ƙasar Holan, YoungKio, ya fitar da waƙar da kansa a Disambar 2018. Daga nan bai zauna ba. Ya yi ta ƙirƙiro gajerun bidiyoyi na ban dariya yana liƙa waƙar a jikinsu, yana watsawa, har ta kama wuta a TikTok. Kamfanin Columbia bai zo ba sai a Maris na 2019, lokacin da taron ya riga ya haɗu. Waƙar ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard na Amurka. Haka Billie Eilish: tana da shekara 13 aka ɗora "Ocean Eyes" a shafin ɗora waƙoƙi na SoundCloud a Nuwambar 2015, waƙar da yayanta Finneas ya rubuta, don malamin rawarta ya samu abin da zai tsara rawa a kai. Masu saurare ne suka fara yaɗa ta, kamfani ya biyo baya.

Na san za a ce waɗannan ai ɗaya ne cikin dubu. Gaskiya ne. Amma tsarin bai sauya ba ko a ƙaramin mataki. Mu ma a ɗan kamfaninmu, idan waƙa ta burge mu, abu na gaba shi ne mu duba ko akwai wasu da ta burge ban da mu.

A nan ne nake roƙon ƙannena mawaƙa da babbar murya: kada ku sayi masu saurare na bogi. Za a zo muku da tayi, a ce a biya kaza a ba ku saurare dubu hamsin cikin kwana uku. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na taɓa buɗe shafin wani yaro mai murya mai daɗin gaske, na ga waƙa ɗaya tana da saurare dubu tamanin, amma mabiyansa ba su kai arba'in ba, kusan babu wanda ya adana waƙar, kuma duk sauraren daga wani birni guda ya fito a wata ƙasar da ba a jin harshen da ya yi waƙar da shi. Cikin minti ɗaya na rufe. Abin ya dame ni, don da ya bar ainihin mutum ɗari ukunsa, da na tsaya. Ban da zubar da mutunci, manhajar saurare ta Spotify tana cire irin wannan saurare daga lissafi, tana iya sauke waƙar, kuma tun 2024 tana cin tarar kamfanonin rarrabawa, wato masu kai waƙa manhajojin saurare, idan abin ya yi ƙamari, su kuma su juyo kan mawaƙin.

Mutum ɗari uku na gaske sun fi wannan nesa ba kusa ba. Su ne za su ji waƙar har ƙarshe, su adana, su tura wa wani, su zo idan ka ce za ka yi wasa. Yadda ake tara su ba shi da wani sirri, sai dai yana cin lokaci: ka hau kowane dandamali da aka ba ka ko da mutum ashirin ne a gabanka, ka amsa wa wanda ya yi maka magana a shafinka, ka yi waƙa da wasu mawaƙan da suke matakinka don masu jin su su ji ka, ka riƙa fitar da waƙa a kai a kai maimakon ka ɓace shekara biyu kana haɗa kundi. Kuma ka karɓi lambobi ko adireshin imel na masoyanka ka ajiye a wurinka, don shafin sada zumunta ba naka ba ne, aro aka ba ka.

Sai batun takardu, wanda mawaƙa suka fi ƙi, ni kuma na fi daɗewa a kansa idan an zo neman shawara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin waƙa ta fita, ta bi ta hannun kamfanin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore ko CD Baby, su ne za su kai ta Spotify da Apple Music da Audiomack da sauransu, su ba ta lambar shaida da ake kira ISRC, mai haruffa da lambobi 12. Da wannan lamba ake gane naɗin waƙarka a ko'ina, da ita ake bin kuɗinka. Da "sabuwa 3" ta bi wannan hanya, da cikin daƙiƙa goma na san mai ita. Sunanka kuma ya zama iri ɗaya a kowane shafi, harafi da harafi. Na sha ganin mawaƙi da rubutun suna uku, masu saurarensa sun rabu gida uku.

Idan ka ɗora waƙar, kada ka sake ta a ranar. Spotify tana da kafa a shafinta na mawaƙa inda za ka gabatar da waƙa ɗaya da ba ta fita ba ga editocin da ke haɗa jerin waƙoƙi, kyauta, kuma ana so ka yi haka aƙalla kwana 7 kafin ranar fita. Ni ina cewa a ba da mako uku ko huɗu. Ko editocin ba su ɗauka ba, gabatarwar tana sa waƙar ta shiga jerin sababbin waƙoƙin da ake kai wa mabiyanka. Ka tuna kuma sai an ji daƙiƙa 30 ake lissafa saurare ɗaya, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ta biyan kason naɗinta. Ba ina cewa ka lalata waƙarka don na'ura ba. Amma idan ka buɗe da minti guda na kiɗa zalla kafin a ji muryarka, ka san abin da ka zaɓa.

Abu mafi muhimmanci a takardun shi ne wa ya mallaki me. Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a cikinta: na rubutu da karin waƙar, da kuma na naɗin da aka yi a sitidiyo. Ranar da kuka gama aiki, tun kowa yana murna, ku zauna ku rubuta kason kowa a takarda ɗaya, ku sa hannu: mai baiti, mai amshi, mai kiɗa. Idan kiɗan saye ka yi, ka karanta abin da ka saya, haya ce ko mallaka, kuma ka tambaya ko an gutsuro wani abu daga waƙar wasu. Kiɗan nan na dala 30 da na ambata yana ɗauke da guntun sautin ƙungiyar Nine Inch Nails, kuma daga baya sai da aka saka sunayen masu shi cikin marubutan waƙar. Masu zaɓen waƙa don fim ko talla, waɗanda suna cikin hanyoyi mafi kyau ga mawaƙi mai zaman kansa, tambayarsu ta farko ke nan: wa zai sa hannu? Idan amsar ta ɗauki mako guda, sun wuce. Ka kuma ajiye kwafin waƙarka na kiɗa zalla, wanda babu murya a cikinsa, sukan nema. Sannan ka yi rajista da ƙungiyar karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa ta ƙasarka, irin aikin da ASCAP da BMI ke yi a Amurka, PRS a Birtaniya, SACEM a Faransa.

Wata rana kuma kiran zai iya zuwa, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Mutumin da ya shekara bakwai ba a kula shi ba, idan aka miƙo masa kwantiragi hannunsa rawa yake yi. Kuɗin kafin alƙalami da za a ba ka ba kyauta ba ne, daga kasonka za a cire shi, kuma sau da yawa har da kuɗin sitidiyo da na bidiyo, kafin ka ga ko sisi. Ka duba shekara nawa, waƙa nawa, kuma wa zai riƙe asalin naɗin. Taylor Swift, duk girmanta, a 2019 aka sayar da asalin naɗin kundayenta shida na farko ba da son ranta ba. Sai da ta koma tana sake rera su, kuma ba ta mallake su ba sai a 2025. Idan ba a yi hankali ba, sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ba dole ne kowa ya shiga kamfani ba. Chance the Rapper ya ci kyautar Grammy uku a 2017 ba tare da ya sa hannu da kowane kamfanin faifai ba.

A watan jiya wata yarinya ta aiko mana da saƙo. Layi biyar ne. Sunanta, irin waƙar da take yi, mahaɗi guda zuwa waƙa guda, ba ta liƙo fayil mai nauyi ba. Ta ce ta yi wasa sau tara a bana, na ƙarshe mutum ɗari da ashirin suka sayi tikiti, kuma ta ambaci wani mawaƙinmu da ta ce salon aikinsa ne ya sa ta zaɓe mu. Lambar wayarta tana ƙasa. Na latsa, na ji, na duba shafinta: masu saurare ba su da yawa, amma suna dawowa, kuma a ƙarƙashin bidiyonta mutane suna rubuto baitocinta da ka. Na kira ta a ranar.

Da ta ɗauka, muryarta na rawa, ta ce, "Yaya, ko yau kuka ce in zo in sa hannu, zan zo."

Na ce, "A'a, ƙanwata. Ranar Talata za ki zo, a ba ki takardar ki tafi da ita gida. Ki nemi lauyan da ya san harkar waƙa, wanda ba mu muka haɗa ki da shi ba, ya karanta miki ita layi-layi. Ki sa ya tsaya a shafi na huɗu, inda aka yi maganar asalin naɗi."